Saniyar da Ta Zaga Duniya Tana Ɗaure a Turke

Maganar da ke yawo a unguwa ita ce wai saniyar taubashina tana da fasfo. Wai an gan ta a filin jirgi da baƙin gilashi a ido, tana tuƙa a layin masu awon kaya, ba ta kula kowa. Mai gawayin bakin layinmu ta rantse cewa ƙanin mijinta ya zauna kusa da ita a jirgi, har ta roƙe shi ya bar mata wajen taga. Wasu kuma sun ce ba jirgi take hawa ba, tashi take yi da kanta, shi ya sa aka ƙara wa garken katanga.

To, ni da nake ci a gidan, nake sha a gidan, bari in gyara zancen. Ƙarya ne. Saniyar nan tun da uwarta ta haife ta kofatonta bai taɓa taka kwalta ba. Ko ƙofar gidan ba ta san launinta ba. Sai dai in kun ji gaskiyar, za ku ce gara a bar ku da ƙaryar, don ta fi sauƙin haɗiya.

Mai saniyar ɗan gwaggona ne, direban tirela, kuma duk wanda ya san shi da Mai Tsumma ya san shi. An ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba sai da ya ga farcen ungozoma. Yana rarrafe yana share inda zai sa gwiwa. Da aka sa mu makaranta tare, kafin ya gama goge bencin da zai zauna an tashi tara, kafin ya gama goge allo malam ya manta abin da zai rubuta. Ni na bar makarantar don ba ta karɓe ni ba, shi ya bar ta don ƙura. Tun a lokacin farin tsumma ya hau kafaɗarsa, bai kuma sauka ba. Ranar ɗaurin aurensa da shi ya je, yana gaisawa da mutane yana goge hannu a ɓoye.

Irin wannan mutum, in ana bin hankali, a kantin magani ya kamata ya ƙare. Amma Allah mai iko sai ya ɗora shi a kan tirelar ɗaukar shanu, wato aikin da ya fi kowane aiki kashi da fitsari a duniya. Yakan loda a kasuwar bakin kogi ya sauke a ta gindin dutse, ya sake lodi a can ya nausa ta kan iyaka, daga can kuma ya gangaro har birnin bakin teku inda mahauta ke jira da wuƙa. Shanun da ba su taɓa jin warin juna ba, a bayan motarsa suke fara gaisawa. Kafin lodi yakan zuba yashi a ƙasan bodi, ya baza ciyawa mai kauri a kai, don kada dabba ta zame ta karye. Idan an sauke, sauran direbobi sukan tsaya a gefen hanya su turo shimfiɗar nan ƙasa da shebur su ƙara gaba. Shi kuwa in ya ga haka har zazzaɓi yake yi.

"Mutum ya zubar da ƙazantarsa a titin jama'a," yakan ce, "sannan ya je gida ya ce shi uban wani ne."

Saboda haka shi da kayarsa yake komowa gida. Yakan faka a bayan gida, ya tuɓe rigar tuƙi, ya hau bodi da shebur da tsintsiya, ba ya yarda kowa ya taya shi don wai babu wanda ya iya lungu. Kashin ya tsince shi daban, ya kai wa matarsa lambun da take shuka ganye. Ciyawar kuma ya kakkaɓe, ya tara ta a baro, ya jibge a inuwar rumfa inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba. Daga nan yake ɗiba yana shimfiɗa wa shanunsa. A cewarsa ciyawar da shanu suka yi kwanaki suna tattakawa ta fi katifa laushi, ba ta da tsini ko ɗaya da zai soki hantsa. Duk wanda ya zo gidan sai ya nuna masa tsibin, yana murmushi irin na wanda ya gano abin da duniya ta kasa ganowa. Ni ma na sha yaba masa, musamman in lokacin cin abinci ya kusa.

Shanun nasa ba yawa gare su ba, amma suna da tarihi. Asalinsu wata karsana ce da kakanmu ya ba Gwaggo tun tana yarinya. Ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, aka sayar da wasu, wasu suka mutu, har abin ya rage saura uku: wata ja mai faɗa, da ɗan bijimi, da kuma ita mai fasfon, wadda ake kira 'Yar Gata. Da ƙafafun Gwaggo suka fara gajiya sai ta damƙa su a hannun ɗanta, shi kuwa ya yi musu abin da ko 'ya'yansa bai yi wa ba. Ya gina musu garke a bayan gida da rufin kwano, da kwamin siminti, da famfo nasu na kansu. A bakin ƙofa ya ajiye daro da ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma ƙafa. Ni sau biyu yake sa ni tsomawa. Kiwo kuwa ya soke shi gaba ɗaya. Mutumin da ya ga shanun duniya da cututtukansu, in ji shi, ba zai bar nasa su haɗa numfashi da na kowa ba. Ko cikin da 'Yar Gata ke ɗauke da shi, likitar dabbobi ce ta zo ta yi mata da kayan aiki, ba a bar wani bijimin titi ya ko ɗaga ido ya kalle ta ba.

Haka ake zaune har wata damina da Ja ta ƙi cin abinci.

Ja da ke tunkuyin mai kawo mata dusa, sai ga ta tsaye shiru, kai a ƙasa, kunne a sake. Mai Tsumma yana hanya. Matarsa ce ta lura fitsarin saniyar ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Kafin ya dawo Ja ta kwanta, kafin a kira Likita saniyar ta miƙe ƙafa. Ya iso ya tarar ana jan ta da igiya. Ya tsaya a bakin garke, ƙafa ɗaya a cikin daro, bai san ya manta ta a ciki ba.

Likitar nan wata doguwar mata ce mai takalmin roba, wadda ba ta iya kwana-kwana ba. Ta duba ɗan bijimin, ta ɗaga masa leɓe ta ga dasashi fari fat, ta leƙa kunne, ta ɗaga wutsiya. Sai ta sa yatsa biyu ta tsinko wani abu ta ɗora a tafin hannu.

"Direba, ga mai laifin."

Ya sunkuya ya duba. Ya ɗago ya dube ta. Ya sake sunkuyawa.

"Mene ne wannan?"

"Kai da ke ɗaukar shanu kake tambayata kaska?"

"Na san kaska, Likita. Abin da nake tambaya, me take yi a garkena?"

"Abin da take yi a garken kowa. Tana shan jini, tana zuba musu cuta. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jini ta farfasa shi, shi ne kake ganin fitsari ya yi ja."

An ce da za a yanka Mai Tsumma a lokacin, ba za a sami jinin da kaskar za ta sha ba. Likita ta yi wa bijimin allura, ta rubuta maganin feshi. Mai Tsumma ya fesa shanu, ya fesa bango, ya fesa kwami, ya fesa kajin matarsa, ni ma da na tsaya kusa sai da na samu rabona. Ya kwashe tsohuwar shimfiɗa ya watsar, ya wanke siminti har yana ɗaukar ido. Sannan ya tura baro zuwa rumfa, ya ɗebo sabuwa mai laushi daga tsibinsa, ya shimfiɗa musu da hannunsa.

Da ya zauna ya yi tunani, sai tunanin ya kai shi gidan maƙwabcinsa. Maƙwabcin nan manomi ne, ana ce masa Mai Garma, yana da shanun huɗa guda biyu, ramammu, masu datti, waɗanda kullum safe suke bi ta jikin shingen garken za su gona. Wani lokaci har sukan tsaya su sosa wuya a jikin shingen. Mai Tsumma ya tare shi a hanya.

"Maƙwabci, shanunka sun kashe mini saniya."

"Da ƙaho ko da harara?"

"Da kaska. Dube su, kamar an yi musu ado da ita."

"To ai ga su nan da kaskar tasu, suna jan garma tun safe har azahar. Naka da ake yi wa wanka da sabulu su ne ke faɗuwa. Ko sabulun za ka bincika?"

Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Mai Tsumma ya cire shinge ya sa bulo, ya ɗaga katanga har sai da ta tsere wa rufin garken. Matarsa ta daina aika wa matar Mai Garma ganyen lambu, ba don tana so ba.

Katanga ba ta gama bushewa ba bijimin ya sake kwanciya, wannan karon bai tashi ba. Ba a gama jimamin wannan ba, wata safiya aka ga 'Yar Gata ta juya wa dusa baya.

Ban taɓa ganin gidan ya yi shiru irin na ranar ba. Gwaggo, wadda rabonta da wajen shanun tun ƙafarta ta matsa mata, ta sa aka riƙo ta har bakin garke. Ba ta tsoma ƙafa a daro ba, ɗanta kuma bai ce ta tsoma ba. Ta daɗe tana kallon saniyar, da ƙaton cikinta da haƙarƙarinta da suka fara fitowa.

"Kakar kakar wannan," in ji ta, "da hannunsa ubana ya miƙo mini igiyarta. Na yi fari da su, na yi yunwa da su, suna yawo a daji kamar na kowa, ba su ƙare ba. Sai da na ba mai tsafta."

"Inna, ina iya ƙoƙarina."

"Na gani. Ƙoƙarin ne ya rage saura ɗaya."

Likita ta iso a kan lokaci, allura ta kama, saniya ta miƙe bayan 'yan kwanaki tana rangaji. Amma Likita ba ta yi murna ba. Ta ce jinin 'Yar Gata ya yi ƙasa ƙwarai, ga ciki ya tsufa. In ciwon ya sake kada ta kafin ta haihu, to a haƙura da ita da abin da ke cikinta. Kuma muddin ba a gano ta inda kaskar ke shigowa ba, sake kamuwa ba shakka a cikinsa. Sai ta ce akwai wani bincike da suke yi da abokan aikinta: suna bin kasuwanni da garkuna suna ɗibar jinin shanu, ana kaiwa ɗakin gwaji a duba irin ƙwayar cutar da ke kowane yanki. Ta nemi izini ta ɗibi na 'Yar Gata.

"Ki ɗiba," in ji Mai Tsumma. "Amma ki shiga gidan can ki ɗibi na waɗancan ƙazaman. Ina son a rubuta da sunan kimiyya cewa su ne."

Ta shiga ta ɗiba. Mai Garma ya riƙe mata ƙahon shanun da kansa, yana cewa ta ɗiba da yawa, kada a ce ya yi rowa.

Makonni suka wuce. Mai Tsumma ya rame ya fi saniyar. Yana hanya yana bugo waya a duba masa launin fitsari, har matarsa ta ce ita tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa tambayar lafiyarta haka ba. Ranar da Likita ta dawo, da hantsi ne, shi kuma dawowarsa ke nan daga doguwar tafiya. Tirela na fake a bayan gida, yana kan bodi da shebur. Ina zaune a inuwa ina taya shi da ido. Da na ga fuskar Likita na san akwai magana, don ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Direba, sauko. Ina ka taɓa kai saniyar nan?"

"Ba ta taɓa fita ba."

"Ka ba da aronta? Ka kai ta kasuwa ka fasa sayarwa? Ka sauke baƙin shanu a nan sun kwana?"

"Likita, ko ƙanina ba ya kwana a garken nan."

Gwaggo da ke zaune a kan tabarma ta ce, "'Yar nan, saniyar nan ta fi matar liman zaman gida. Faɗi abin da kika gani."

Likita ta zauna a kan bokitin da aka kife. Ta ce abin da za ta faɗa, su ma a wurin aiki sai da suka sake gwajin don sun ɗauka an haɗa jinin shanu da yawa a kwalba ɗaya. Ta ce ita ƙwayar cutar nan suna ɗaya gare ta, amma dangi-dangi ce, kamar mutane. In aka duba ƙwayoyin halittarta, ana gane wannan dangin na yankin kaza ne, wancan na yankin kaza. Kaska ba ta da fiffike, tafiyarta ba ta wuce nan da can. Saboda haka inda shanu ke zaune wuri ɗaya, cutarsu ma dangi ɗaya ce ko biyu, kuma jikinsu ya san ta tun suna maruƙa, sun saba da ita. Inda shanu ke yawo kuwa, su ne motar kaska, kaska kuma motar cuta. Shi ya sa a manyan kasuwanni ake samun dangi iri-iri a cakuɗe.

"Shanun maƙwabcinka," in ji ta, "dangi ɗaya ne a jikinsu, na nan yankin. Da shi aka haife su, shi ya sa ba ya kada su."

Mai Tsumma ya gyara tsumma a kafaɗa. "To, shi suka sa wa tawa."

"Shi kaɗai ne babu a jikin taka."

Shebur ya zame daga jikin mota ya faɗi, babu wanda ya waiwaya.

"A jinin saniyar nan," Likita ta ci gaba, "mun ga dangin da muke samu a kasuwar bakin kogi. Mun ga na gindin dutse. Mun ga wani da ba mu taɓa gani ba sai a shanun da ke tsallako iyaka. Ko a babbar kasuwa ban taɓa ganin dabba ɗaya da ta tara haka ba. Wanda bai san ta ba zai ce ta zaga duniya."

Kun ji inda fasfo ya samo asali. Katangar doguwa ce, amma ba ta hana magana fita.

"Ba a nan abin ya tsaya ba," in ji Likita. "Akwai waɗanda ba na ko'ina ba ne. Rabi na kogi, rabi na dutse. In kaska ta sha jinin da ke da dangi biyu, a cikin cikinta suke haɗuwa su hayayyafa, sai a sami sabon iri. A garken nan aka haife su."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Wato har aure ake ɗaurawa a bayan gidana ban sani ba."

"Kusan haka ne, Inna."

Mai Tsumma ya dubi motarsa. Da ƙyar ya ce, "Kasuwannin nan da kika lissafa, ai hanyata ce."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina."

"Amma ni wanka nake yi kafin in shigo. Kayan tuƙina a waje nake tuɓewa. Takalmina ma ba ya shiga."

Likita ta miƙe tsaye. Idonta na kan baron da ke gindin mota, cike da ciyawa. Ta bi sawun tayarsa da kallo, daga mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa ƙofar garke, hanyar da ta yi santsi saboda yawan bi.

"Wannan ciyawar ina za ta?"

Sai ga murmushin nan ya fara dawowa fuskarsa, don an taɓo abin alfaharinsa. Ya fara bayani: yadda sauran direbobi ke zubarwa a titi, yadda shi yake tsince kashi, yadda take da laushi. Yana cikin maganar laushi muryarsa ta fara ƙanƙancewa, kamar rediyon da batirinsa ke mutuwa, har ta ɗauke.

"Ara mini tsummanka," in ji Likita.

A iya sanina babu mahaluƙin da ya taɓa riƙe tsumman nan sai shi. Ya miƙa mata kamar mai miƙa ɗansa. Ta je rumfa, ta shimfiɗa shi a kan tsibin ciyawa, ta ja shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗan jira, ta ɗago ta juya shi.

Da farko na ɗauka garin barkono ne ya zuba a kai. Sai na ga barkonon yana tafiya.

"'Ya'yan kaska ne," in ji Likita. "Kaska in ta ƙoshi sakin dabba take yi ta faɗo ƙasa. A motarka, ƙasa ita ce ciyawar nan. Uwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, wani irin ciwon kuma tun a ƙwai take ba su gadonsa. Abin da suke buƙata inuwa da ɗan danshi. Da a titi aka zubar, rana ta gama da yawancinsu. Kai kuwa ka kawo su gida, ka yi musu rumfa, sannan kana ɗibarsu a baro kana kai su wurin abinci. Kana fesa saniya da safe, da yamma ka shimfiɗa mata sababbi."

Ta miƙa masa tsumman. Bai karɓa ba. Mutumin nan ya ja da baya, ya ja da baya, har ya zauna daɓas a kan tsibin kashin da ya tsince da hannunsa, bai kuma san a kan me yake zaune ba. Ni da na zo duniya don in yi masa dariya, na nemi dariyar na rasa. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Ba ka jin komai sai 'Yar Gata da ke tuƙa a cikin garke, kwance a kan shimfiɗarta mai laushi.

Shi ya fara tunawa da ita. Ya zabura ya faɗa garken da gudu, ya tsallake daro, abin da bai taɓa yi ba, ya tashe ta, ya jawo ta tsakar gida ya ɗaure a jikin bishiya. Ranar ta fara ganin ɗakin da ake dafa mata dusa. Likita ta tsaya a kansa aka fesa ta tun daga kunne har wutsiya, aka bi da hannu ana tsincewa. Sannan aka kwashe shimfiɗar garke, aka haɗa da tsibin rumfa da abin da ke cikin mota, aka kai fili aka cinna wuta. Da wutar ta kama sosai, ya ɗauki tsumman da sanda ya jefa a ciki. Gwaggo ta ce ko a jana'izar ubansa bai yi irin wannan fuskar ba.

Hayaƙin ne ya fito da Mai Garma. Ya tsaya daga nesa, hannu a baya. Mai Tsumma ya taka har gabansa, kafaɗa babu komai, ya gaishe shi, ya faɗa masa duk yadda aka yi, bai rage ba. Ya ce in yana so gobe zai rushe katangar.

"A'a, bar ta," in ji Mai Garma. "Likita ta ce naka ne ke da baƙin. Ashe ni ka gina wa. In da hali ma ka ƙara layi biyu."

Da yamma matar Mai Tsumma ta aika da ganye, aka dawo da kwanon da gyaɗa a ciki.

Sauran kwanakin cikin, a kan siminti da sabuwar ciyawar da aka yanko daga gonar Mai Garma 'Yar Gata ta yi su. Mai Tsumma ya ajiye tuƙi, ya tare a bakin garke yana leƙen fitsari kamar mai duban wata. Ciwon bai dawo ba. Wata safiya ta haifi 'yar maraƙa, mace, baƙa mai farin goshi, Gwaggo ta ce sak karsanar da ubanta ya ba ta. Likita ta ce uwar za ta daɗe da baƙin nan a jininta ko da ta warke, saboda haka kada a sayar da ita, kada a kai ta ko'ina, kada kuma a bar kaska ta hau ta ta kwashi abin ta kai wa na wasu. Wato saniyar da ake cewa tana da fasfo, ita ce saniya ɗaya a unguwar da likita ta hana tafiya.

Yanzu ya koma hanya. Inda ya sauke shanu, nan yake ƙone shimfiɗa, ya wanke bodi da magani kafin ya juyo. Ya zama mai wa'azi a tashar manyan motoci, direbobi na hango shi suna canja benci. Ya sayi sabon tsumma, amma na lura ba ya kaɗa shi a fuskar mutane kamar da.

Rannan na je gidan, aka yi sa'a ana sauke tukunya. Muna ci na ce masa, "Ranka ya daɗe shugaban 'yan yawon buɗe ido. Shekara da shekaru kana ɗauko fasinja daga iyaka har gida, ba ka karɓi ko sisi ba, ka ba su ɗaki, ka ba su katifa, har ka aurar da 'ya'yansu. Wallahi ko gwamnati ba ta yi wa baƙi haka. Gobe in za ka bakin teku ka tashe ni, ni ma ina son irin wannan karamci."

Bai ɗago ba. Ya gama tauna lomarsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya jawo kwanon daga gabana zuwa gabansa.

"Ita kaska," in ji shi, "in ta ƙoshi sauka take yi. Kai tun muna yara kake maƙale, har yau Likita ba ta samo maganinka ba."